Teburin Asumana, Gaban Gidan Waya

Shekara ashirin da bakwai ina nan,
ƙarƙashin bedin nan na Tawa,
da tebur mai ƙafa uku da rabi,
biro biyu, ambulan, da tambur da ake lasa.
Duk wanda ci-rani ya haɗiye a Abijan,
ta hannuna ake kiransa gida.

Mace za ta zauna, ta kau da kai, ta ce:
rubuta masa, gero ya taɓa gindin rumbu.
Ni kuwa in rubuta: bayan gaisuwa mai yawa.
Sauran maganar kunya ta riƙe ta a maƙoshi,
kuma biro bai iya rawar murya ba.
Wata guda takarda na hanya,
wata guda amsa na dawowa;
kafin ta iso an yi suna, an cinye rago,
wani sa'in ma an share makoki.

Sai salula ta shigo gari babu sallama.
Biro ya bushe a aljihuna.
Na yi fushi, ba zan ɓoye ba.
Na ce wa Zalika, ɗiyar ƙanena:
abin nan ya ɗauke mini akushi.
Ta yi dariya. Ran Lahadi ta dawo
da baƙin faranti mai shan rana,
ta hau jarka ta ɗaure shi bisa rumfata,
ta ce: Baba, ga ma'aikaciya na kawo maka,
tun asuba take fita, ba ta san albashi ba.

Yanzu teburin nan ya zama uwa:
salula talatin kwance suna tsotso,
kowace da lambarta, dala goma-goma.

Almu mai albasa ya kan tsaya da amalanke.
Da, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi.
Yau sai ya kira Galmi kafin ya sauke buhu,
ya saurara, ya gyaɗa kai,
ya dubi dillali ya ce: a'a, ƙara dai.

Jiya Inna Tsahara ta zo daga Kalfu,
salula ƙulle a bakin zane kamar goro.
Na kama babban yatsanta na ɗora:
danna nan, kada ki saki, yi magana.
Ta juya mini baya.
Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa,
sai ta ce: kai, wannan,
tarin da kake yi tun kana yaro, ya barka?
Shekara nawa nake mata wasiƙa,
ba ta taɓa ba ni wannan tambayar ba.

Shayina bai tafasa ba amsa ta faɗo.
Muryar Hamidan, ƙarar motoci,
da kukan jikar da ba ta taɓa goyawa ba.
Sau bakwai ta sa na maimaita mata.
Na takwas ta danna da kanta.
Kafin la'asar jikka biyar ta biyo iska,
ta wuce kantin magani don idonta na hagu.

Ba duka alheri ke shigowa ba, na sani.
Akwai saƙon da ke cewa ka ci miliyan,
turo lambar sirri kawai.
Su kan kawo mini in karanta,
in ce: guga ce marar gindi, kada ka zura.
Ashe bokon nawa bai mutu ba,
aiki ya sauya masa.

Da magariba in na sauko da farantin
yana da ɗumi kamar bayan jaki.
In share shi da gefen rawani.
Biro ɗaya ya rage mai rai;
da shi na rubuta wa Inna lambar ɗanta
a bayan tsohon ambulan,
ko da abin ya faɗa rijiya.